Tarihin Talakawa, Amma da Turanci?

Duk shekara idan ranar 17 ga Afrilu ta zagayo, akan tuna da Malam Aminu Kano, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a rana irin ta a 1983. Gidansa na Gwammaja, wato Gidan Mambayya, yanzu cibiya ce ta nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, akwai ɗakin taro, akwai ɗakin karatu, ga ɗakunan da Malam ya zauna an adana su. Haka ma a Kaduna, gidan Sardauna ya zama Arewa House, inda aka tara takardun tarihin Arewa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Madalla da wannan aiki, Allah Ya saka wa masu kula da wuraren nan.

To amma ina da magana. Galibin laccocin da ake yi a irin waɗannan wurare da Turanci ake yin su, kuma ba ƙaramin Turanci ba. Farfesa ya karanta muƙala, farfesa ya yi sharhi, a tafa, a raba lemo, a watse. In an buga muƙalar ma, a cikin littafi mai kauri za a sa ta, wanda kuɗinsa ya isa cefanen kwana uku. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana yi wa talaka bayani da Hausa a bakin kasuwa, yau ana tattauna shi da harshen da talakan ba ya ji. Wannan ai kamar a dafa tuwo ne a gidan mutum a hana shi ɗanɗana.

Su mutanen da ai ba haka suka yi ba. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, da waƙa da lacca a fili aka isar da saƙonta. Sa'adu Zungur ya iya Turanci, ya iya Larabci, amma da ya tashi gargaɗin sarakuna da Hausa ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya". Malam Aminu kansa ya rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa. Ɓangaren hukuma ma ba su yi barci ba: Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam, sannan a shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha. A wannan zamanin ne aka samu "Kano Ta Dabo Cigari" na Alhaji Abubakar Dokaji da "Tarihin Fulani" na Wazirin Sakkwato Junaidu. Yanzu shiga kasuwa ka nemi sabon littafi irin waɗannan, wanda zai ba ka labarin 1966, ko yaƙin basasa, ko yadda PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, ko dalilin tsige Balarabe Musa a 1981. Sai ka sha yawo.

Ga shi kuma makaranta ba ta cike giɓin ba. An cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare tun wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido shi. Yaran da suka tashi a tsakanin nan su ne masu jefa ƙuri'a yau. A ina suke koyon siyasa? A bakin sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili a rediyo su yabi wanda ya biya, su zagi wanda bai biya ba. Matashi ya haddace sunan gwaninsa da waƙarsa, amma bai san bambancin aikin kansila da na ɗan majalisar jiha ba, balle ya san cewa tsarin mulki ya ba shi damar yi wa ɗan majalisa kiranye.

Masu cewa Bahaushe ba ya karatu su yi haƙuri, mu da ke cikin sana'ar mun san ba haka ba ne. An kira rubutunmu adabin kasuwar Kano don a raina mu, amma littattafan nan sun shiga ɗakunan da babu muƙalar da ta taɓa shiga. Mata nawa ne suka dage da koyon karatun boko don su karanta "In Da So Da Ƙauna" ko "Wa Zai Auri Jahila?" da kansu? Yau 'ya'yansu ne ke karanta labari a WhatsApp, suna sauraro a YouTube suna wanke-wanke. Waɗannan matan su ne ke cika layi ranar zaɓe tun da sassafe, amma ba a gaya musu cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai 1979, ko irin ɗauri da dukan da Hajiya Gambo Sawaba ta sha kafin a kai ga haka. Wallahi rayuwar Gambo kaɗai ta fi labarin soyayya goma daɗin karantawa.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Duk laccar da za a yi a cibiyoyin nan, a fitar da ita da Hausa a shafi ashirin, a naɗi muryarta a ba gidajen rediyo. Malaman jami'a su buɗe mana akwatunan takardu, su zauna da mu su tace gaskiyar labari, mu kuma mu san yadda za mu jera shi har mai karatu ya manta da tukunya a wuta. Su suna da ilimin, mu muna da masu karatu, amma kowa ya ja tunga yana kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Kuma in za a kira mu, a kira mu tun wajen tsara taron, kada a bari sai ranar a aiko mana da katin gayyata mu zo mu cika kujerun baya.