Ɓarawon alƙalami da masu ɗaure masa gindi

A kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, in aka kama mutum da tunkiyar da ba tasa ba, kafin ƴan sanda su iso ya sha ihu, wataƙila har da kashi. Amma wanda ya kwashe shafi hamsin daga littafin wani, ya goge sunan mai shi ya liƙa nasa, shi tafi ake yi masa, a yanka masa rago, gobe a ba shi kujerar darakta da motar gwamnati. Ɓarawo dai ɓarawo ne. Na kasuwa mutum ɗaya ya cuta. Na alƙalami kuwa ƙasa ce za ta yi shekara talatin tana biyansa albashi a kan ilimin da bai mallaka ba.

Hanyoyin satar ba ɓoyayyu ba ne. Wani ya kwafo daga intanet ya haɗa kamar ɗinkin tsumma. Wani ya samo kundin da aka rubuta da Ingilishi a Kano ko Zariya, ya juya shi da Faransanci, yana ganin canjin harshe ya wanke haram. Wani ya sauya kalmomi ya bar tunanin yadda yake. Mai hali kuwa ba ya wahalar da kansa: talakan ɗalibi yake biya ya rubuta masa. Tun daga 2022 ga kuma ChatGPT da ire-irensa, masu iya ƙago sunan littafin da ba a taɓa bugawa ba.

In aka yi magana, sai masu kare ɓarna su ce ilimi ba shi da mai shi, ambaton madogara kuma al'adar Nasara ce. Wannan zance jahilci ne da aka naɗa wa rawani. Imam Buhari, wanda ya rasu a 870, bai kawo hadisi a matsayin hujja ba sai da jerin mutanen da suka ruwaito shi, wane daga wane. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta cikin Nijar ta yau a 1754, bai ɓoye abin da ya ɗauka wajen Malam Jibrilu ɗan Umar ba. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi guda a 1812, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya yi karatu wajensu da littattafan da suka karantar da shi. Wane Bature ne ya koya musu? Har yau almajirin zaure in ya kawo mas'ala, tambayar farko ita ce: a wane littafi, daga bakin wa?

Ɗan kasuwa ma ya san wannan ƙa'ida. Ba ya sayen sa sai dillali ya tsaya shaidar mai shi. Kaya marar takardar duwan kuwa sunansa fasa-ƙwauri. Ƴan layukan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi su ne dillalinsa da takardarsa. Abu huɗu kawai ake nema: sunan mai littafi, sunan littafin, shekarar bugu, da lambar shafi. In maganar mutum aka ɗauko kalma da kalma, a killace ta da alamar zance. In ma'ana aka ɗauko, ko fassara aka yi, sunan mai ita bai faɗi ba. Tsohon da aka zauna gabansa a Tawa ko Gobir ya ba da tarihi, shi ma madogara ne: a faɗi sunansa, garinsu da ranar hirar. Yamai, inda aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda ake kira CELHTO a yau, ita ce ta fi cancanta ta riƙe wannan amana.

A wasu ƙasashe, rana ɗaya ta mai kaya tana zuwa. A 2011 jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dokta na ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya bar kujera. A 2012 shugaban ƙasar Hangari, Pál Schmitt, ya yi murabus kan kundin da ya gabatar a 1992. A 2013 ministar ilimin Jamus kanta, Annette Schavan, ta sauka saboda rubutun da ta yi tun 1980. Shekara 33 ba ta binne laifin ba. Ba a ce manya ne a rufa musu asiri ba, ba a aika dattawa biko ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin da ya amince da kundin da bai karanta ba, da kwamitin da ya zauna sauraron ɗalibi ya ba shi yabo don sanayya ko tsoron ubangidansa, abokan sata ne. Su ne ke sa yaron da ya yi wata shida yana yawon ƙauyuka da ƙafarsa ya fito da maki ɗaya da wanda ya yi dare biyu a shagon fotokofi. Su ne kuma ke yaudarar uban da ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin makaranta, a miƙo masa takarda ba ilimi. Gobe irin wannan ne zai auna gada, ya tsara kasafin kuɗi, ya koyar da ƴaƴan jama'a. Kayan aro ba ya rufe katara.

Tun 2010 jami'o'in gwamnati suka yaɗu zuwa Maraɗi, Damagaram da Tawa, ga masu zaman kansu. Yawan difuloma ba abin alfahari ba ne in darajarta ta zube. Maganin a fili yake. A koya wa ɗalibi ƙa'idar ambaton madogara tun shekararsa ta farko. A bi kowane kundi da manhajar gano kwafi kafin ranar gabatarwa. A ajiye shi inda duk mai so zai iya karantawa, da sunayen waɗanda suka amince da shi. Wanda aka kama a soke takardarsa, ko minista ne, ya sauka daga matakin albashin da ta hawar da shi. Malamin da ya sa hannu shi ma ya zo ya amsa tambaya.