Mai karanta labaru: amanar jama'a tana bakinsa

Tun shekarar 1958 da aka buɗe gidan radiyon Nijar a Yamai, wani sabon aiki ya shigo ƙasa, shi ne aikin mai karanta labaru. A da, sanƙira ke tsayawa bakin kasuwa ya yi shela, wanda ya ji ya gaya ma wanda bai ji ba. Yau mutum guda ke zaunawa cikin ɗaki, muryarsa ta kai Maraɗi da Damagaram da Tawa a lokaci ɗaya. A 1974 gidan ya ɗauki sunan Muryar Sahel, a ƙarshen shekarun 1970 kuma Tele Sahel ta fara nuna ma jama'a fuskar mai ba su labari.

Mutane da yawa suna zaton aikin bai wuce murya mai daɗi da tufafi masu kyau ba. Wannan kuskure ne. Kafin lokacin labaru ya yi, mai karatu ya riga ya duba takardu, ya tabbatar da sunayen mutane da na garuruwa, ya auna kowane labari da mintocin da aka ba shi. In da Hausa zai karanta, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci, to aikinsa ya zama biyu, domin yawancin takardun hukuma da Faransanci ake rubuta su. Shi ne zai juya su zuwa harshen da manomi da makiyayi suke ji.

Ga misali guda. Takarda ta ce farashin kaya faran 500 ne. A kasuwa ba a lissafi da faran, da dala ake yi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Mai karatun da ya san aikinsa "dala ɗari" zai ce. Wanda ya ce "ɗari biyar" ya yi shiru, mai saurare zai ɗauka faran 2.500 ake nufi. Haka abin yake ga ranar allurar rigakafi, da ranar jarrabawar ƴan lakwal, da sanarwar ganin wata. Magana zarar bunu ce: in ta fita ta radiyo, gyaran da za a yi gobe ba zai iske dukan waɗanda suka ji ta yau ba.

Rayuwar marigayiya Mariama Keita ta nuna inda wannan aiki ke iya kai mai riƙe shi da gaskiya. An haife ta a 1946, ita ce mace ta farko ƴar jarida a Nijar. Ta fara da rubuta labaru da karanta su a gidan radiyon ƙasa, ta yi gwagwarmaya cikin ƙungiyoyin mata, daga 2003 zuwa 2006 kuma ta shugabanci majalisar ƙoli mai kula da kafofin watsa labaru. Ta rasu a watan Oktoba na 2018. Yardar da jama'a suka yi da ita ce ta kai ta wannan matsayi.

Saboda haka akwai nauyi a kan kowa. Ya kamata ma'aikatan hukuma su riƙa aika sanarwa da wuri, a taƙaice, domin mai fassara ya samu lokacin neman kalmar da ta dace. Ya kamata a ba mai karatu da harsunan ƙasa horo da daraja daidai da na mai karatu da Faransanci, tun da yake mafi yawan jama'a shi suke saurare. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuma alƙalami yana hannunsu: in sun ji kalmar da ba ta zauna ba, su rubuta ma gidan radiyo.

Tun 1994 gidajen radiyo masu zaman kansu suka fara aiki a ƙasa, yanzu kuma jita-jita tana yawo cikin wayar salula babu mai tace ta. Duk da haka, in labari ya rikice, mutum yakan ce bari a ji abin da radiyo za ta faɗa. Ranar da ya daina faɗin haka, mai karanta labaru ya rasa jarinsa, hukuma kuma ta rasa hanyar yin magana da talakawanta.