Talotalo da Masara: Kura da Shan Bugu

A ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, Amurkawa kan yi bikin godiya na kaka, inda gasasshen talotalo ke zama sarkin akushi. Abin lura a nan shi ne sunan tsuntsun. Ingilishi sun laƙaba masa sunan ƙasar Turkiyya, Turkawa da Faransawa sun jingina shi ga Indiya, alhali mutanen Meziko ne suka fara kiwonsa. Mu ma ba mu tsira ba, domin asalin masara Meziko ne, amma muka raɗa mata sunan Masar.

Ashe harshe kan tuna da fatake, ya mance da manomi. Haka shi ma bikin. Ana danganta shi da liyafar shekarar 1621 a Plymouth, amma 'yan ƙabilar Wampanoag da suka koya wa baƙin noman masara, su aka raba da ƙasarsu daga baya. Tun 1970 wasu daga jikokinsu ke zaman makoki a wannan rana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. A ganina, duk godiyar da ta tsallake mai noma, ragaggiya ce.