Kuɗin ɗan jagora a Wli ba asara ba ne

A Wli, kusa da Hohoe a gabashin Ghana, daf da iyakar Togo, ruwa na zubowa daga dutse mai tsayin kimanin mita 80, dubban jemagu na rataye a jikin duwatsun. Baƙo kan biya kuɗi a haɗa shi da ɗan jagora daga ƙauyen, wasu kuwa sai su yi ta ƙorafi.

Ba su da hujja. Magangarar ruwan biyu ce, ta ƙasa da ta sama: hanyar ta ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, yaro ma zai bi. Amma ta sama hawa ce ta sa'o'i cikin kurmi, ga santsi da damina. Wanda bai san dawa ba zai sha wuya.

Kuɗin kuma yana ba mutanen ƙauyen dalilin hana sare dajin Agumatsa, inda ruwan yake.