Feret da Ɗanyen Nama: Rabin Gaskiya Ba Ta Isa Hujja Ba

Mai karatu, wataƙila ba ka taɓa ganin dabbar nan da Turawa ke kira feret ba, amma ka san danginta. Bodari mai warin nan, da dage mai fasa amya ya sha zuma, duk gidansu ɗaya da ita, wato zuriyar da masana ke kira Mustelidae. Feret 'yar siririyar dabba ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, nauyinta bai cika wuce kilo biyu ba. Mutane ne suka hore ta daga wata 'yar'uwarta ta daji, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, suna zura ta cikin rami ta koro musu zomaye. A yau kuwa, a Amurka da Ingila da Japan, ta zama dabbar ɗaka kamar kyanwa.

Masu kiwonta a waɗannan ƙasashe sun daɗe suna gardama a kan cimarta. Wasu sun tsaya ga busasshen abincin da kamfanoni ke curawa su zuba a buhu. Wasu kuwa sun ce atafau sai a mayar da ita kan ɗanyen nama, domin a cewarsu shi ne abincin da aka halitto ta a kai. Ni a nawa ganin, waɗannan na biyu sun kama gaskiya ta wutsiya ne, kan ya kuɓuce musu. Feret tana bukatar nama, babu tantama. Amma ɗanyen naman kanti, musamman na kaji, ba shi ne abin da kakanninta suka ci a daji ba, kuma a wannan zamani na murar tsuntsaye, ba ta shi ganganci ne.

Bari mu fara ba su haƙƙinsu. Duk wanda ya duba cikin feret ya san maciyiyar nama ce zalla. Hanjinta gajere ne, ba ta da 'yar jakar hanjin nan da zomo ko doki ke narkar da ciyawa a ciki, kuma abinci kan ratsa ta ya fita cikin awa uku zuwa huɗu. Saboda haka likitocin dabbobi ke cewa furotin na nama ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abincinta, kitse ya kai kashi 15 zuwa 20, dusa da sitaci kuwa su yi ƙaranci. To, busasshen abinci mai arha yakan zo cike da masara da alkama, domin sitaci ne ke riƙe curin. Bugu da ƙari, akwai wani ƙari da ke yawan fito wa feret idan ta manyanta, a gaɓar da ke samar da insulin, wanda ke sa sukarin jininta ya faɗi har ta suma. Likitoci da dama suna zargin yawan sitaci da hannu a ciki, ko da yake zargi ne, bai kai matsayin tabbas ba. Ke nan ƙorafin masu ɗanyen nama yana da tushe.

Sai dai kuma gano cuta daban, dacewa da magani daban. 'Yar'uwar feret ta daji ba tsoka take yanka ta ci ba. Idan ta kama ɓera ko kwaɗo, takan cinye shi ne da ƙashi da hanta da zuciya da fata. A cikin ƙashin nan kalsiyam yake. Ita kuwa tsoka zalla, fosfaras ɗin da ke cikinta ya ninka kalsiyam fiye da sau goma, alhali jiki yana son su zo kusan daidai. Idan aka ɗora ɗan feret a kan tsoka kaɗai, sai jikinsa ya shiga zaro kalsiyam daga ƙasusuwansa don ya cike giɓin, har su yi laushi su lanƙwashe ko su karye. In aka ce a gyara da hanta aka cika ta, sai bitamin A ya yi yawa ya koma guba. Wanda ya sayo ƙirjin kaza a kanti ya ce yana kwaikwayon daji, ya yaudari kansa.

Matsala ta biyu ita ce sauyin kansa. Binciken masanin nan na Jamus, Raimund Apfelbach, ya nuna cewa wannan dabba takan haddace ƙanshin abincinta ne tana tsakanin kwana 60 zuwa 90 da haihuwa. Abin da ba ta sansana ba a lokacin, da wuya ta ɗauke shi abinci daga baya. Wasu masu kiwo kan ce a bar ta da yunwa, ai dole ta ci. Wannan zalunci ne, kuma ga dabbar da cikinta ke zama wayam cikin awa huɗu, balle mai ƙarin nan da muka ambata, yana iya zama ajalinta.

Ta uku ita ce babba, domin ta tsallake dabbar ta taɓa mai ita. Ɗanyen nama kan ɗauko bakteriya irin su Salmonella da Campylobacter da Listeria, su bi kwano da kashin dabbar su isa hannun yara. Wannan ya sa a 2012 Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya tana gargaɗi game da bai wa karnuka da kyanwoyi ɗanyen nama. Amma feret tana da wani tarihi na musamman. A 1933, a cibiyar binciken lafiya ta Mill Hill da ke Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw sun fara kama bairos ɗin murar ɗan Adam ne ta hanyar ɗiga wa feret ruwan maƙogwaron majiyyata a hanci. A 1936 wata feret mai mura ta yi wa Charles Stuart-Harris atishawa a fuska, shi ma ya kamu. Dalili shi ne, ƙofofin da bairos ɗin ke kamawa a hanci da maƙogwaron feret sun yi kama da namu ƙwarai. Har gobe da ita masana ke gwada ko wata sabuwar mura za ta iya yaɗuwa tsakanin mutane.

Yanzu sai mu haɗa wannan da murar tsuntsaye samfurin H5N1. A watan Oktoba na 2022 ta ɓulla a wata gonar kiwon mink a yankin Galisiya na ƙasar Sifen, aka hallaka kimanin 50,000; mink kuwa ɗan'uwan feret ne na kusa. A 2023 kyanwoyi da dama suka mutu da ita a ƙasar Folan, aka kuma same ta a jikin wasu feret na gida da ake ba ɗanyen naman kaji. A Disamban 2024 wata kyanwa da ba ta fita waje ta mutu a jihar Oregon ta Amurka bayan ta ci ɗanyen naman talotalo da aka daskarar aka sayar a matsayin abincin dabbobi. A lura, ƙanƙara ba ta kashe wannan bairos, adana shi take yi. Wuta ce ke kashe shi, idan zafin ya ratsa naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas. Ashe mai bai wa feret ɗanyar kaza yana maimaita gwajin ɗakin bincike ne a tsakar ɗakinsa, babu safa babu takunkumi.

Wani zai ce ai dubban mutane na yi kuma ba abin da ya faru. Gaskiya ne, haɗarin ga mutum ɗaya ƙarami ne. Amma me aka samu da ya kai a ɗauke shi? Amfanin da aka tabbatar na nama ne, ba na ɗanyantakarsa ba. Ana iya samunsa ta haɗaɗɗen abinci mai yawan nama da ƙarancin sitaci, ko dafaffen nama wanda likitan dabbobi ya daidaita masa kalsiyam da sinadarin taurin, ban da dafaffen ƙashi domin yana tsagewa ya huda hanji. Sauyin kuma a yi shi sannu a hankali cikin makonni, ana gauraya sabo da tsoho, ana auna nauyin dabbar.

Mu ma a nan darasin bai bar mu ba. A Jihar Kaduna aka fara tabbatar da H5N1 a kajin nahiyar Afirka, a watan Fabrairu na 2006. Ba ma kiwon feret, amma muna jefa wa kare da kyanwa mushen kaza. A binne shi ko a ƙone, rigakafi ya fi magani.

A ƙarshe, kalmar "halitta" ba hujja ba ce ita kaɗai. A daji akwai nama, amma akwai tsutsar ciki da yunwa da mutuwar ƙuruciya. Wanda ya ɗauko dabba ya kawo gida, amana ya ɗauka: ya ba ta alherin daji, ya tsare ta, ya tsare iyalinsa, daga sharrinsa. Allah ya sa mu gane.