Kafin a Ɗora Ta a Sikeli

A dogon hutun da ya wuce na koma gida Batsari, sai na tarar da fili fetal a gindin tsamiyar da ke bayan gidan kawuna. Tun ina yaro akwai mushen wata babbar mota a wurin, wadda mukan hau mu kama sitiyari muna kukan inji da baki. Da na tambaya, aka ce 'yan gwangwan sun zo sun daddatsa ta, sun auna, sun biya, sun yi gaba. Na ce, "Kawu, wace iri ce ma, kuma ta wace shekara?" Ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya tsaya duba wannan? Ta dai yi jigilar gyaɗa zuwa Katsina tun zamanin En'e." Har ɗan allon ƙarfen da ke jikinta, mai ɗauke da sunan maƙera da lamba, ya bi sikeli.

Ban ga laifin Kawu ba. Laifin namu ne, mu 'yan makaranta, da muka yi shekaru muna wuce ta ba mu taɓa sunkuyawa mun karanta allon nan ba. Domin in nuna irin asarar da rashin dubawa ke jawowa, bari in kawo misali daga nesa.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ake ta zancen motar nan mai aiki da fetur da lantarki a haɗe, wadda kanikawa ke kira haibirid, ni kuwa na fi son in ce da ita 'yar ruwa biyu. Yawancinmu mun ɗauka kamfanin Toyota ne ya ƙago ta da ya fito da Prius a Japan cikin 1997. Ashe ta girmi kakanninmu. Cikin 1900, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani saurayi mai shekara 25 da ake kira Ferdinand Porsche, wanda ko digirin jami'a ba shi da shi a lokacin, ya ƙera wa kamfanin Lohner mota mai suna Semper Vivus. Ƙananan injinan fetur biyu ne ke juya janareta, wutar da aka samu ta shiga batir da injinan lantarki da aka dasa cikin cibiyar ƙafafun gaba, su kuma su ja motar. Watau injin fetur ba ya taɓa ƙafa ko kaɗan. Shekara takwas bayan haka ne Ford ya fito da Model T ɗin da duniya ta sani.

To, yaya masana ke gane irin waɗannan motoci in sun ci karo da su cikin tsohuwar rumfa? Da ido da haƙuri. Motar lantarki zalla ba ta da lagireto, ba ta da salansa, ba ta da tankin mai. Motar fetur zalla kuwa ba ta rasa akwatin giya da kuloci. Idan aka ga mota tana da lagireto da salansa, amma aka leƙa ƙarƙashi babu akwatin giya, sai wani ƙaton inji mai naɗin tagulla da wayoyi masu kauri kamar igiyar guga, to, sai a tsaya a gyara zama. Ta kamfanin Woods na Cikago a Amurka, wadda aka kira Dual Power, aka kuma ƙera tsakanin 1916 da 1918, tana da 'yan sanduna biyu a kan sitiyari, ɗaya na lantarki, ɗaya na fetur. Da lantarki take tashi, in ta ɗauki gudu injin fetur ya kama, har ta kai wajen mil 35 a awa.

A nan ne kuma ake yawan yin kuskure. Ba kowace mota mai fetur da lantarki ce 'yar ruwa biyu ta sosai ba. Owen Magnetic, da aka yi daga 1915 zuwa 1922, da motocin bas na Tilling-Stevens da suka yi ta zirga-zirga a Landan tun 1911, lantarki a jikinsu aikin giya kawai yake yi, ya karɓi ƙarfin inji ya miƙa wa ƙafafu. In ka kashe injin, tafiya ta ƙare. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da kan jirgin ƙasa mai dizal a Zariya ko Kano ya ga wannan dabara da idonsa, ko da bai sani ba. Abin da ke raba gardama shi ne batir: akwai babban akwatinsa da zai iya jan motar shi kaɗai, ko babu? Bayan wannan sai allon maƙera da lambar jiki su tabbatar da sauran.

Tsada ce ta kashe su. Woods ta haura dala 2,600 a lokacin da Model T ba ta kai dala 400 ba, ga fetur da araha, ga nauyin batir. Da suka tsufa kuma, tagullar injinsu da darmar batirinsu suka zama abin kwaɗayin masu sayen ƙarfe. Yau Woods ɗin da suka rage 'yan ƙalilan ne, a gidajen tarihi irin na Henry Ford a Amurka da na Louwman a Holan. Ita Semper Vivus kuwa, sai da kamfanin Porsche ya bi tsofaffin hotuna da zane ya sāke ƙera kwaikwayonta, aka gama cikin 2011, domin ta asalin ta salwanta. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba a ƙasarmu kaɗai yake kwana ba.

Ba ina cewa akwai Lohner a bayan kasuwar Batsari ko a wani kango a Runka ba. Abin da muke da shi namu ne: Bedford da Austin na zamanin gyaɗa da auduga, Land Rover na En'e, Fijo 404 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar cikin 1975, da tsofaffin injinan niƙa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mota ke yawo a ƙasar Katsina, amma in aka ce a kawo shaidar ƙarfe ta waɗannan shekaru, sai a yi ta kallon juna.

Na san abin da wani zai ce, domin abokin ɗakina, mutumin Safana, ya riga ya faɗa mini. Ya ce mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan bakin dajin Rugu, waɗanda ke neman abin sawa a baka, su za a ce su adana ruɓaɓɓen ƙarfe? Gaskiyarsa. Ba ni da bakin hana mai yunwa sayar da kayansa, kuma ɗan gwangwan sana'arsa yake yi ta halal. Amma duba allo ba ya cin kwabo, ba ya kuma rage wa ƙarfe nauyi. Kuma daidai lokacin da gari ya watse ne kaya ke tafiya a sikeli babu mai tambaya, tsofaffin direbobin da suka san labarinsu kuma suna ta ƙarewa.

Saboda haka ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai, musamman 'yan sashen injiniya da na tarihi, a buɗe littafi guda. Duk wanda ya je hutu ya ga tsohuwar mota ko inji a inda babu hatsarin zuwa, ya nemi izinin mai shi, ya ɗauki hoton gaba da gefe da ƙarƙashi, ya kwafe abin da ke kan allo, ya zauna da tsohon da ya tuƙa ta ya rubuta inda ta yi aiki da abin da ta ɗauka. In an tara, a kai kwafe ɗaya Gidan Tarihi na Katsina, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. Ni na riga na sami ta farko: Kawu ya ce akwai wata a-kori-kura da ke kwance a gidan wani amininsa, ya kuma yi alkawarin zai roƙe shi kada ya kira masu sikeli sai na dawo hutun Sallah.