ZAƁEN MORISHAS: NASARA MAI NAUYI

Ran 10 ga watan Nuwamba 2024 mutanen Morishas, wani ɗan tsibiri cikin Tekun Indiya gabas da Madagaskar, suka fita zaɓen wakilan Majalisar Ƙasarsu. Jama'ar ƙasar duka ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, amma abin da ya fito daga akwatunansu ya isa a tsaya a yi tunani a kansa.

An kasa babban tsibirin mazaɓu 20, kowace tana aika wakilai 3, watau kujeru 60 ke nan, ƙaramin tsibirin Rodrigues kuwa yana aika 2. Da aka ƙidaya, sai ga jam'iyyun hamayya da suka haɗa kai ƙarƙashin Dakta Navin Ramgoolam sun kwashe sittin ɗin nan ƙaf. Firayim Minista Pravind Jugnauth, wanda ko tasa kujerar bai tsira da ita ba, ya fito kashegari ya amsa an ka da shi, tun ba a gama shelar sakamakon ba. Wannan halin dattako ne, mun yaba masa. Mun kuma yaba wa ƙananan ma'aikata waɗanda suka ƙidaya ƙuri'u, suka rubuta abin da suka gani, ko da ya ke bai yi wa Gwamnatin da ke biyansu albashi daɗi ba. Akawu mai amana shi ne ginshiƙin zaɓe.

Amma akwai abin lura. Waɗanda suka ci sun sami kamar ƙuri'a 6 ne cikin kowace 10, ɓangaren Gwamnati kuwa ya sami fiye da rubu'i, duk da haka bai fita da wakili ko ɗaya daga mazaɓu ba. Dalili kuwa, kowane mai zaɓe sunaye 3 ya ke zaɓa, ukun da suka fi ƙuri'a su ne suka ci, saboda haka wanda ya rinjaya a mazaɓa ya kan tafi da kujerunta duka. Ba don wata doka da ke ba waɗansu 'yan takarar da suka fāɗi kujerun ƙari ba, wadda ta sa suka sami 2, da ba a ji muryarsu a Majalisa ba.

Irin wannan ya taɓa faruwa sau biyu. Cikin 1982 aka kwashe sittin duka daga hannun Sir Seewoosagur Ramgoolam, wanda ya karɓo wa ƙasar mulkin kai daga Ingila cikin 1968. Ba a shekara ba masu nasara suka rabu, aka sāke zaɓe cikin 1983. Cikin 1995 kuma Dakta Ramgoolam da Paul Bérenger suka yi haka, zuwa 1997 suka ɓata. In babu abokin gardama a waje, a cikin gida a kan same shi.

Ra'ayinmu shi ne, rinjayen da ya wuce kima kaya ne mai nauyi. Kowane malami ya sani ajin da ba a tambaya, ba a tabbata an gane karatu ba. Haka Majalisar da babu mai tuhumar kasafin kuɗi, kuskure ya kan kwana cikinta har ya girma. Wajibi ne ga mai rinjaye ya ba 'yan hamayya fili, ya saurari jaridu, ya bar alƙalai da masu binciken kuɗi su yi aikinsu, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Jama'ar da ta ba da sittin a rana ɗaya tana iya karɓe su a rana ɗaya.

Allah Ya ba shugabanni kunnen jin gyara, amin.